Matattarar Tsuntsaye: Daga Tafkin Cadi Zuwa Fadamar Haɗejiya da Nguru

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nguru zuwa Gashuwa a cikin watan Janairu, ya ratse wajen wani ƙauye da a ke kira Dagona tun rana ba ta yi zafi ba, zai ga abin da zai daɗe yana ba da labarinsa. Akwai tafki a nan, ba wani babba ba ne, amma a shekarar da ruwa ya yi kyau tsuntsaye su kan taru a kansa har ido ya kasa ƙidaya su. Ga kirinjijiya tana fito, ga dinya, ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, ga balbela fari fat a bisa itatuwa. Ban da waɗannan da muka saba da su, akwai waɗansu ƙananan agwagin ruwa waɗanda ba a ƙasar nan aka ƙyanƙyashe su ba. Daga ƙasashen Turai da Rasha suka taso, suka ƙetare teku da hamada, suka zo cin rani.

Sabo da haka ne masu ɗaukan hoton tsuntsaye su ke lissafa wannan fadama cikin wuraren da suka fi kyau a Afirka ta Yamma. To, amma wuri ba ya zama matattarar tsuntsaye haka nan kawai, ba kuwa dole ne ya dawwama a haka ba. A da bakin Tafkin Cadi shi ya ke da wannan suna, yau kuwa labarinsa ya sake. Ya kamata mu san yadda abin ya faru, domin ruwan da ya ke tara tsuntsun nan shi ne dai ya ke ciyar da manomi da masunci da makiyayi.

Abin Da Aka Sani Tun Da

Kakanninmu ba su jahilci tsuntsu ba. Manomi ya san in shamuwa ta sauka ta fara sheƙa a itacen tsakar gari, lokacin gyaran gona ya yi, shi ya sa ba a taɓa ta. Maharbi kuwa ya san halin naman daji har ya ƙago dabarar burtu: ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya duƙa, ya riƙa tafiya yana sara ƙasa kamar tsuntsun, har ya kusanci abin da ya ke nema. Masuntan Bade da Mangawa da Hausawa da ke zaune a fadama sun san cewa agwagin nan su kan zo da farkon sanyi, su ɓace in bazara ta kama. Abin da ba su da hanyar sani shi ne garin da su ke komawa.

Turawa kuma nasu duhun daban ne. Su suna ganin tsuntsayen da zafi, in sanyi ya matso sai su neme su su rasa. Har akwai malamansu na da waɗanda suka rubuta cewa wai tsattsewa ta kan nutse cikin laka a gindin tafki, ta yi barci har sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbi wani farin tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, kusa da wani gari wai shi Klutz a ƙasar Jamus. Da aka ɗauko shi sai aka ga mashi mai tsawon kamar inci 30 ya soke wuyansa, icen mashin kuwa na Afirka ne. Watau wani maharbi ne ya jefe shi a nahiyarmu, bai mutu ba, ya tashi da mashin har Turai. Gawarsa tana nan an ƙyafe ta an ajiye a jami'ar Rostock. Ka ga ashe ko wane ɓangare rabin labarin ya ke riƙe da shi.

Zamanin Bindiga

Shekara guda bayan wannan, cikin watan Fabrairu na 1823, waɗansu Turawan Ingila uku suka iso bakin Tafkin Cadi daga Tarabulus, a zamanin Shehu Laminu na Kukawa. Sunayensu Denham da Clapperton da Oudney. Denham ya rubuta cewa ya tarar da agwagin ruwa da kwasakwasa da gauraki ba iyaka a bakin tafkin, ba su kuwa tsoron mutum, har ya ɗan yi nauyin harbinsu. Amma daga baya ya harba. Har yanzu akwai wani irin tuje da masana su ke kira da sunansa. Clapperton da Oudney suka bi kogin Yobe suka yi yamma, Oudney ya mutu kusa da Katagum a farkon 1824, Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

A wancan zamani ba wata hanyar da mai bincike zai nuna wa 'yan'uwansa tsuntsun da ya gani sai ya kashe shi. Ya harbe, ya feɗe, ya cusa auduga a fatar, ya rubuta sunan wuri da kwanan wata a 'yar takarda ya ɗaura a ƙafa, ya aika gida cikin akwati. Wanda ya fi shahara da wannan aiki a ƙasar Barno shi ne wani hafsan soja, Boyd Alexander. A 1904 ya zo da jiragen ruwa na ƙarfe, ya shiga Tafkin Cadi yana auna shi, yana tara fatun tsuntsaye. Ƙanensa Claud ya mutu a Maifoni, inda Maiduguri ta ke yanzu, a wannan shekara. Shi kansa an kashe shi a ƙasar Wadai a 1910, aka kawo shi aka binne kusa da ƙanen. Fatun da ya tara suna nan a gidan ajiyar kayan tarihin halittu na ƙasar Ingila.

Ba za a ce aikin nan bai yi amfani ba, don da shi aka san irin tsuntsayen da ke ƙasar, aka raɗa musu sunayen da malaman duniya suka yarda da su. Amma fata ba ta gaya maka yadda tsuntsu ya ke kiwo, ko yadda ya ke ciyar da 'ya'yansa, ko inda ya kwana jiya.

Hoto Da Zobe

Abubuwa biyu suka sake wannan al'amari. Na farko shi ne akwatin ɗaukan hoto, watau kyamara. Da fari ba ta iya kama abin da ke motsi, sai mutum ya tsaya cik. A 1884 wani Bajamushe, Ottomar Anschutz, ya gyara ta yadda za ta buɗe ta rufe kamar ƙyaftawar ido, ya ɗauki hoton irin farin tsuntsun nan ɗan'uwan shamuwa yana cikin tashi. A 1895 kuma waɗansu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, suka buga littafi a kan sheƙunan tsuntsaye wanda duk hotunan cikinsa da kyamara aka ɗauka. Su ma sun gane abin da maharbinmu ya gane, cewa tsuntsu ba ya yarda da siffar mutum. Sai suka sa aka yi musu sa na ƙarya, fatar sa ta gaske a kan katako, cikinsa holoƙo. Ɗayansu ya kan shiga ciki da kyamara, ya leƙo ta wata 'yar kafa a ƙirjin san, ya yi ta jira. Dabarar burtu ke nan, sai dai shi in ya gama tsuntsun ya kan tashi da ransa.

Na biyu shi ne zobe. A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, Mortensen, ya fara kama tsuntsaye yana sa musu ɗan zoben gorar ruwa a ƙafa, mai lamba da adireshi, ya sake su. Duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa sai ya rubuto. Da haka aka riƙa haɗa labari kaɗan kaɗan, har aka san hanyoyin da su ke bi. In mai karatu ya taɓa ganin zobe a ƙafar tsuntsun da aka kama, to, asalinsa ke nan.

A Nijeriya, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar kare namun daji a 1963, a 1964 kuma aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta ƙasa. A 1967 da 1968 masana suka yi zango a Malamfatori, kusa da inda kogin Yobe ya ke shiga Tafkin Cadi. Suka riƙa kama ƙananan tsuntsaye da taru mai laushi, suna auna nauyinsu, suna sa musu zobe. A nan suka ga yadda ɗan tsuntsun da bai fi a rufe shi cikin tafin hannu ba ya kan yi makonni yana cin ƙwari da 'ya'yan itatuwa a watan Maris da Afrilu, har ya tara kitse. Kitsen nan shi ne guzurinsa na ƙetare hamada mai faɗin mil dubu da wani abu. Wannan ya nuna cewa wurin ba masauki ne kawai ba. In babu abinci a bakin hamada, tsuntsun ba zai kai gida ba.

Yadda Cadi Ya Ja Baya

A 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Sai fari ya zo a 1972 da 1973, wani kuma ya biyo a 1983 da 1984. Kafin tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage na buɗaɗɗen ruwa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ɓangaren arewa, inda Malamfatori ta ke, ya ƙafe, ruwa ya yi wa garin nisa, inda a da a ke tuƙa jirgi aka koma shuka masara da wake. Ruwan ya kan ƙaru a waɗansu shekaru, amma bai koma yadda ya ke ba. Daga 2009 kuma rikici ya auka wa yankin, zuwa bakin tafkin don kallon tsuntsu ya gagara.

Farin nan bai tsaya a kanmu kaɗai ba. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka lura wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya ke cin rani a ƙasashenmu, ya ragu ƙwarai, mafi yawa ba su komo ba. Da aka bincika aka ga ƙarancin ruwan sama a bakin hamada ne sanadi. Tun daga nan hankalin Turawa ya komo kan sauran wuraren da ke riƙe ruwa da rani a kudancin Sahara. Ɗaya daga cikinsu ita ce fadamar Haɗejiya da Nguru.

Fadama Da Ruwanta

Ga yadda fadamar ta ke samun ruwa. Kogin Kano da na Challawa su suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuwa daga duwatsun Jos ya gangaro. Da suka wuce Haɗejiya da Katagum sai suka tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, mai tsofaffin tuddan yashi jere da juna. Ruwan ya rasa gangare, sai ya rarrabu ya bi tsakanin tuddan, ya malale ko ina cikin watan Agusta da Satumba. Abin da ya rage ya taru wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe.

In ruwa ya hau, manomi ya noma shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. In ya fara janyewa, masunci ya kama kifi, manomi ya bi danshi ya shuka wake da kayan lambu, Fulani su kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa. Daidai wannan lokaci, watau daga Oktoba, baƙin tsuntsaye su ke isowa. Su kan tarar da ruwa marar zurfi, cike da ƙwayar ciyawa da bado da tsutsa. Ka ga ambaliya guda ita ke ciyar da su duka. Albarkar wannan ƙasa tana cikin abin da ya sa aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Kano har Nguru, ta isa a 1930.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Ba wanda zai musa amfaninsu: birnin Kano ya sami ruwan sha, mutanen Kadawa da Kura suka sami noman rani. Amma mutanen gangare sun biya kuɗin abin. Ambaliyar damina ta ragu, har ƙasar da ruwa ya ke rufewa ta koma ƙasa da rabin yadda ta ke a shekarun 1960. Sa'an nan ga wata ɓarna da ba a zata ba. A da koramu su kan ƙafe da rani, ciyawar cikinsu ta mutu. Da aka riƙa sako ruwa kaɗan kaɗan duk shekara, sai kacala ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya cika ya ƙi janyewa har gonaki suka nutse, wani wuri kuma ruwa ya daina zuwa. Cikin kacalar nan kuwa jan baki ya ke kwana, ya fito da safe ya auka wa gero da shinkafa. Watau tsuntsun da a ke so ya ragu, wanda ba a so ya ƙaru.

A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamar, Gwamnati da ƙungiyoyin kare tsuntsaye na gida da na waje suka haɗa hannu. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila Elizabeth, ya zo Dagona da kansa ya ga tsuntsayen. A 1991 aka sa Dagona cikin gandun dajin ƙasa na yankin Cadi. Masu ƙidaya sun sami tsuntsayen ruwa fiye da 300,000 a fadamar cikin Janairun 1997, irin tsuntsayen da aka rubuta an gani a wurin kuwa sun wuce 350. Akwai wata yarjejeniya da ƙasashen duniya suka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971 don kare fadamu. A shekarar 2000 tafkin Nguru da koramar Marma, hekta 58,100, suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka rubuta cikinta. A 2008 aka ƙara da Dagona da Baturiya.

Amma abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne wani lissafi da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990. Suka haɗa kuɗin shinkafa da kifi da itacen wuta da fadama ta ke bayarwa, suka gwada da abin da a ke samu a gonakin noman rani na sama. Suka tarar ko wace tulun ruwa da aka bari ta gangara fadama ta fi kawo amfani nesa ba kusa ba. Ba su ma sa tsuntsu cikin lissafin ba.

Ga Mai Son Zuwa

Wanda ya ke so ya ɗauki hoto a yau, wurare uku ya kamata ya sani a fadamar. Tafkin Nguru da koramar Marma, inda a ke shiga kwalekwale tare da masunta. Dagona a ƙasar Bade, cikin Jihar Yobe, inda ruwa ya kan daɗe bayan na kewaye ya ƙafe, tsuntsaye su matsu wuri guda. Baturiya a ƙasar Haɗejiya, cikin Jihar Jigawa, inda a ke samun tafkuna a tsakanin itatuwan gabaruwa da goruba, mutum ya sami na ruwa da na daji gaba ɗaya. Wanda ya fi son tsuntsayen daji zalla sai ya nufi Yankari a ƙasar Bauci, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ya bi bakin kogin Gaji da rani. Kusa da Jos kuma akwai dajin Amurum, inda aka kafa makarantar nazarin tsuntsaye a 2001. A duwatsun yankin ne a ke samun wani ɗan jan tsuntsu wanda sai a 1998 masana suka gane irinsa daban ne.

Lokacin zuwa fadama daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. A fita da asuba, ko kuwa bayan la'asar, a sa rana a bayan ƙeya. Ranar da hazo ya yi kauri hoto ba ya fita, gara a haƙura. A bar farar riga a gida, a sa mai launin ƙasa. A fara gai da mai gari da ma'aikatan gandun daji, a nemi izini, a tambayi lafiyar hanya, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a biya shi haƙƙinsa. In an sami wuri, a kafa 'yar bukkar zana a zauna shiru, tsuntsu da kansa zai matso. Kada a jefa dutse don garke ya tashi a sami hoto mai kyau, gama ko wane tashi yana cin kitsen da tsuntsun ya ke tarawa don hamada. Kada kuma a kusanci sheƙa, don in uwa ta gudu hankaka da shirwa suna nan suna jira.

Akwai wanda mai zuwa zai nema ya sha wuya bai gani ba, ita ce gauraka. Denham ya gan ta a bakin Cadi, dattawan fadama sun san kukanta, amma kamu don sayarwa da ƙafewar fadamu sun sa ta kusa ƙarewa a Nijeriya. Yaran da a ke haifa yanzu a Nguru da yawansu sai a hoto za su san ta.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sami Malamfatori fari ne, ba mai iko da shi sai Allah. Abin da ke damun fadamar Haɗejiya da Nguru kuwa rabinsa a hannun mutane ya ke: yaushe za a buɗe madatsa, ruwa nawa za a sako da damina, wa zai share kacala daga koramu. Masu wannan shawara suna ofis, amma su kan ji maganar jama'a in jama'a sun san abin da su ke faɗi. Sabo da haka wanda ya iya karatu a ƙauyen fadama, ya sami littafi ya riƙa rubuta ranar da ruwa ya iso ko wace shekara, da ranar da ya janye, da ranar da agwagin farko suka sauka. Wanda ke da waya mai ɗaukan hoto, ya ɗauki tafkin garinsu a wata guda ko wace shekara, daga wuri guda. In an kwana biyu aka zo taron rabon ruwa, littafin nan da hotunan nan su ne shaidar da garin zai ajiye a gaban hukuma.